Azurfa a Tulun Iri

Bunkure,
9 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga taubashina Alamin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya kuma sanyin Tunisiya da ka ce ya fara shigowa? Mu nan alhamdu lillahi. Shinkafa ta yi kyau bana, an kusa fara yanka. Ƙafar Iya ta ɗan yi sauƙi, sai dai har yanzu da sanda take zuwa bakin kanal.

Da hannu na rubuta na ɗauki hoton takardar na turo maka, don in saƙon murya na yi, ka san gidanmu, kafin in rufe baki an ji a zaure.

Ranar Talatar da ta wuce Yaya Abdulmumin ya buɗe tulun irin alkama na Iya don ya duba ko ƙwari sun shiga, tunda shuka ta matso. Yana ɗaga murfin sai ga wani baƙin tsumma a ƙulle a saman irin. Da ya kwance sai ga wata 'yar ƙwandala, ba ta fi farcen babban yatsa ba. Gefe ɗaya kan wani mutum ne mai gemu, ɗaya gefen kuma wata mace ce a tsaye riƙe da zangarniya. Ya kira Iya, ta ce tata ce, kuma kowace shekara a nan take ajiye ta.

To ka san Yaya, ga shi na'ibin liman ga shi shugaban Islamiyya, ka kuma san gidan da Iya da marigayi Kawu Dogo, mahaifinka, suka fito. Nan take ya ce wannan ai Uwar Gona ce da Maguzawa ke yi wa yanka, ashe shekara arba'in da wani abu da musuluntar Iya ba ta rabu da tsafi ba. A tsakar gida ya faɗa, matarsa na tsaye. Ya ce ba zai shuka irin ba, ba zai ci girkinta ba, ba zai kuma ƙara taka ɗakinta ba sai an jefa abin a kanal ko an kai maƙera an narka. Iya ta ce, "To." Ta ɗauki kayanta ta ƙulle a bakin zani.

Yau kwana shida bai shiga ya gaishe ta ba. Mutumin da tun yana ɗan makaranta ba ya fita sai ya durƙusa a ɗakin nan! Kullum in na taso daga koyarwa can nake yini, ina ganin yadda take kallon ƙofa, wallahi abin yana ci mini rai.

Akwai rubutu a zagaye da kan mutumin, kuma ni dai boko nake gani. Yaushe Maguzawa suka yi boko? Kai da kake turo mana hotunan kangayen mutanen da, ka nemo mana wanda ya san abin nan. Ga hotonta nan gaba da baya. Ka yi wani amfani ko sau ɗaya ne a rayuwarka.

Taka,
Bashira

Tunis,
13 ga Oktoba, 2023

Bashira,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai ɗan mura. Ki gaishe mini da Gwaggo Marwa da kyau, ki ce ina yi mata sannu da ƙafa. Labarin nan bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Hotonki kuwa, tirƙashi! Na ɗauka gindin tukunya kika ɗauko mini. Malama guda, a ce ɗaukar hoto ya gagare ki.

Duk da haka na nuna wa wani dattijo maƙwabcinmu, Malam Jamaluddeen, wanda ya yi shekara talatin yana aiki a gidan adana kayan tarihi kafin ya yi ritaya. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Ya ce ga alama kuɗin Rumawa ne na azurfa, amma kada mu yi saurin murna, don a nan ƙasar ana ƙera na bogi da yawa ana sayar wa baƙi. Ya ce ki yi abu huɗu. Ki auna nauyinta a sikelin masu zinare ko maƙera. Ki auna faɗinta da rula. Ki kara mata mayen ƙarfe, in ya kama ta to ba azurfa ba ce. Sannan ki duba bakinta a zagaye, in kin ga layi kamar an haɗa biyu an manne, to zubi aka yi, ta bogi ce.

Babban abin shi ne rubutun, don shi zai faɗi sunan sarkin da shekarar. Baƙi ya rufe shi a hoton, ba ya karantuwa. Ki yi yadda za ki yi ya fito sosai, ki kuma kwafo mini haruffan ɗaya bayan ɗaya.

Ya kuma ce a tambayi mai ita inda ta samo ta da abin da take yi da ita. Wai a aikinsu wannan ce tambayar farko, kafin sikeli kafin komai. Kin tambaye ta?

Naki,
Alamin

Bunkure,
19 ga Oktoba, 2023

Alamin,

Salamu alaikum, ya mura? Ka sha citta da kanumfari in akwai su a can. Kowa lafiya, an fara yankan shinkafa tun shekaranjiya.

Na yi duk abin da ka ce. Da ƙyar Iya ta ba ni aronta na yini ɗaya. Na kai ta Kura wurin Dattijo maƙerin azurfa, ya ɗora a ɗan sikelinsa, ta yi giram uku da ɗigo biyu. Faɗinta milimita goma sha takwas. Mayen ƙarfe na tsohuwar rediyo bai ko kula ta ba. Bakinta ba layi, sai ɗan tsagewa a wuri biyu, kuma ba ta zagaye daidai ba, gefe ɗaya ya ɗan fi fitowa. Dattijo ya jefa ta a kan uwar maƙera ya saurari ƙarar, ya ce azurfa ce mai kyau, za ta yi siririn zobe. Na ce ba wannan ya kawo ni ba.

Baƙin da ka ce ya rufe rubutun ma na gama da shi. Na samo toka mai laushi da lemon tsami, na zauna na dirje ta yadda muke yi wa warwaron amare. Yanzu sai ka gan ta, fes kamar sabon cokali. Ga sabon hoto, sai in ji kuma abin da za ka ce.

Gefen mai gemu an rubuta: ANTONINVS AVG PIVS P P TR P XII. An ɗaura masa wani ganye a ka, an ƙulle ta ƙeya. Gefen macen kuma: COS IIII. Yanzu na ga a ƙasan zangarniyar da take riƙe akwai wani abu kamar mudu, cike da wasu zangarniyoyin. A ɗaya hannun tana riƙe da wani ƙarfe mai ƙugiya biyu, ban san ko mene ne ba.

A gida dai abin yana nan. Iya ba ta fasa zuba wa Yaya abinci ba. Jiya dambun shinkafa ta yi, wanda ya fi so, ta rufe a langa aka kai masa, aka dawo da shi yadda aka kai. Ta buɗe ta duba, ta mayar da murfin. Ita ma ba ta ci ba.

Ka ce ko na tambaye ta. Ban tambaya ba, Alamin. Tsoron amsar nake ji. In ta ce mini Yaya ne mai gaskiya, ina zan sa kaina?

Bashira

Tunis,
24 ga Oktoba, 2023

Bashira,

Wa alaikumus salam. Mura ta tafi, na gode. Allah ya ba da albarkar shinkafa.

Innalillahi, toka da lemon tsami! Ni haske nake nufi, ki fita da ita rana ki karkata ta rubutun ya fito. Laifina ne da ban faɗa a fili ba. Da Malam Jamaluddeen ya ga sabon hoton sai da ya dafe kai. Baƙin nan da kika dirje shekaru ne suka tara shi, kuma masu tara irin waɗannan kuɗin shi suke so. Ya ce yanzu a wurinsu darajarta ta faɗi, ba ta fi azurfar jikinta da yawa ba. To, an riga an yi.

Amma rubutun ya fito, kuma ya ce nauyin da faɗin da tsagewar bakin duk sun yi daidai da ta gaske, don da guduma ake buga su ɗaya bayan ɗaya. Sai ya riƙe ta a hannu zai tabbatar, amma bai ga abin shakka ba. Sunanta dinariyus, daga nan ne ma kalmar dinari ta samo asali. Kuɗin kashewa ne kawai, guda ɗaya ya kusa ladan yinin soja.

Mai gemun sarkin Rum ne, Antoninus. Duk inda kika ga V a sunan, U ce. AVG sarautarsa ce. PIVS laƙabi ne da aka ba shi, ma'anarsa mai kiyaye hakki, an ce saboda yadda ya girmama uban da ya riƙe shi. P P na nufin uban ƙasa. TR P XII ita ce ta ba mu shekara: kowace shekara ana sabunta masa iko, wannan karo na goma sha biyu ne, wato tsakanin shekara ta 148 da 149 miladiyya. COS IIII kuma wani muƙami ne da ya riƙe sau huɗu. Ki lissafa, ta girmi haihuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da fiye da shekara ɗari huɗu.

Macen sunanta Annona. Abin da kika ce mudu, mudun ne, na awon hatsi. Ƙarfen mai ƙugiya shi ake jefawa a teku a tsayar da jirgi. Ba zan ɓoye miki ba, Rumawan lokacin masu bautar gumaka ne, kuma sun sa ta cikin ababen bautarsu, sukan haɗa ta da gunkiyarsu ta noma.

Amma ki fahimci abin da take yi a jikin kuɗi. Birnin Rum ba ya iya ciyar da kansa, da jirage ake kai masa alkama daga Masar da kuma nan ƙasar da nake zaune. In jirage suka makara, gari ya rikice. Sai sarki ya sa a buga hoton nan a kuɗi don duk wanda ya karɓa ya ga alkawarin cewa hatsi ba zai yanke ba. Tallar gwamnati ce, kamar manoman da aka zana a takardar kuɗinmu. Ba ta da wata alaƙa da Uwar Gona, waɗanda suka buga ta ba su ma san da ƙasar Hausa ba.

Wannan takarda ke kaɗai na rubuta wa. Kada ki karanta wa Yaya Abdulmumin ita yadda take, ki bari in rubuta masa tasa daban in na dawo. Gobe za a kai mu kudu aikin gwajin rijiyoyin ban-ruwa, mako uku, kuma an ce wurin ba sabis. Don Allah ki tambayi Gwaggo.

Alamin

Bunkure,
26 ga Oktoba, 2023

Alamin,

Salam. Muna lafiya, in dai wannan lafiya ce.

Kai wane irin mutum ne da zai ajiye gargaɗi a ƙarshen takarda? Shafi biyu ka turo. Na farko ya sauka da hantsi, na biyu ya tsaya yana ta juyawa, bai buɗe ba sai bayan la'asar. Ni kuwa ina ganin sarkin Rum da shekara ta 148, ko ƙarasawa ban yi ba, farin ciki ya ɗebe ni na aika a kira Yaya. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofar Iya, ƙafarsa a waje. Na fara karantawa da ƙarfi ina taƙama. Har na kai wurin mai kiyaye hakkin uba na ɗan dakata na kalle shi. Sai ga ni na faɗa kan layin ƙarshe na shafin, na ababen bauta da gunkiyar noma. Na so in haɗiye, amma maganar ta riga ta fita.

Yaya ya ce, "Alhamdu lillahi, ga shi ɗan'uwanku ma na Turai ya faɗa." Na ce ba Turai kake ba. Ya ce ko ina kake, gunki dai gunki ne, na Rumawa da na Maguzawa duk uwarsu ɗaya. Ya juya ya tafi. Da shafi na biyu ya buɗe na bi shi da shi har Islamiyya, ya ce ya ji abin da zai ji. Ya riga ya yi magana da wani a Kadawa zai sayo sabon iri.

Iya kuwa duk bayanin nan abu ɗaya ta riƙe. Bayan ya tafi ta ce, "Me yaron nan ya ce game da wankin da kika yi?" Na maimaita mata, cewa yanzu ba ta fi azurfar jikinta ba. Ta ce, "To ai dama azurfar ce." Ban gane nufinta ba, ban kuma tambaya ba, don kuka nake yi.

Na ji haushinka, na ji haushin kaina ya fi. Ni na dirje ta, ni na karanta. In ka samu sabis ka rubuto.

Bashira

Bunkure,
8 ga Nuwamba, 2023

Alamin,

Salamu alaikum. Shiru har yau. Na san ka ce mako uku, amma kullum sai na duba waya.

Iya ta rame, zaninta har ninki biyu take yi masa. Ba ciwo ba ne, mun je asibiti an ce jininta ne ya ɗan hau. Maganar ta fita unguwa. Ranar Juma'a wata mata ta zo karɓar irin yakuwa da ta saba karɓa duk shekara, ta tsaya a tsakar gida ta yi ta kame-kame, ta tafi ba ta karɓa ba.

Jiya Iya ta tambaye ni ko wace rana Dattijo yake hura wuta. Na ce ban sani ba, alhali na sani. Ka rubuto wa Yaya takardar da ka ce, ko Allah zai sa ya saurare ka.

Bashira

Tunis,
15 ga Nuwamba, 2023

Bashira,

Wa alaikumus salam. Yau da safe muka dawo, ina kunna waya takardunki biyu suka shigo. Ban ko cire takalmi ba nake rubuta wannan. Ki yafe mini, da na san haka shafukan za su yi da gargaɗin na fara. Ya jikin Gwaggo?

Don girman Allah kada a narka ta. Abin da ya shekara dubu ɗaya da ɗari takwas da saba'in da biyar yana yawo hannu zuwa hannu, ya ƙetare sahara ba a san ta yaya ba, ya zo ya ƙare a kaskon Dattijo? Malam Jamaluddeen ya ce bai taɓa jin an samu irinta a wajenmu ba. Ya ce ba wanda zai iya tabbatar da hanyar da ta biyo, wataƙila fatake ne suka riƙa karɓarta a matsayin azurfa kawai, amma ko don wannan ya kamata a adana ta.

Na tura wa Yaya Abdulmumin tasa takardar yanzu. Na tuna masa abin da ya fi ni sani, cewa a zamanin Sahabbai da dirhamin Farisa ake ciniki, mai kan sarkinsu a gefe ɗaya da wurin bautar wutarsu a ɗaya gefen, da shi ake sadaki da zakka, har sai da aka zo aka buga na Musulunci daga baya. Hoton da ke jikin kuɗi bai mai da mai riƙe da shi mai bauta ba.

Amma na san abin da zai ce, kuma yana da hujja: ba riƙewar ce ta dame shi ba, sawa a cikin iri ce. Wannan kuwa ba ni da amsarta, Malam Jamaluddeen ma ba shi da ita. Mun karanta duk abin da ke jikin azurfar nan, ba sauran harafi ɗaya. Mutum ɗaya ce ta san sauran, tana nan zaune kusa da ke. Sau uku ke nan ina faɗa miki.

Alamin

Bunkure,
3 ga Disamba, 2023

Zuwa ga taubashina Alamin,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka huta gajiyar tafiya. Muna lafiya, Iya tana gaishe ka, ta ce Allah ya yi maka albarka. Na daɗe ban amsa ba don ban san ta inda zan fara ba.

Takardarka ta makara da kwana biyu. Ranar Litinin ina makaranta Iya ta ɗauki sandarta ta hau adaidaita ita kaɗai ta tafi Kura. Dattijo ya gaya mini daga baya cewa sau biyu yana tambayarta ko ta tabbata, ta ce ya hura wutarsa. A gabanta ya narka. Sarkinka mai gemu da matar da mudunta duk sun tafi, sai hotunan da ke wayata da taka. Ka yi haƙuri, ka kuma ba Malam Jamaluddeen haƙuri.

Ranar Alhamis aka kawo zoben, siriri, ba ado. Ta zuba tuwo a langa, ta ɗora zoben a kan murfin, ta ce in kai wa Yaya. Ba a jima ba sai ga shi da zoben a tafin hannu, ya tsaya a inda ya saba tsayawa. Iya ta ce, "Ga ta nan, ba fuska, ba mace. Azurfa kuma halal ce ga namiji, kai ka koya mana. Yanzu sai ka ci abinci."

Na ga yana shirin yin godiya irin ta wanda ya yi nasara, sai raina ya ɓaci. A nan ne na yi tambayar taka, a gabansa. Na ce, "Iya, wai me ya sa kike sa ta a cikin iri?"

Ta dube ni ta ce, "Wata ɗaya da rabi, sai yau aka samu mai tambaya."

Ga abin da ta faɗa, yadda na iya riƙewa. Kakarta ce ta karɓe ta a hannun wani Buzu mai gishiri, a bakin dawa. Ba su san ko wane ne a jiki ba, Mai Gemu kawai suke ce mata. A gidansu, in an ware iri an zuba a tulu, sai a ɗora abu mafi daraja da aka mallaka a samansa kafin a rufe. Dalilin shi ne yunwa. In ta yi tsanani, dole wata rana wani ya buɗe tulun iri don a dafa. To abin da hannunsa zai fara taɓawa azurfar ce, sai ya tuna akwai sauran abin sayarwa, ya je ya sayar da ita tukuna ya bar irin.

Ta ce sau ɗaya ta ga an yi, shekarar farin nan kafin a haƙa kanal, tana 'yar shekara goma sha uku, mahaifinka yana goye. Kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, babansu ya buɗe tulun, ya ci karo da tsumman. Ya daɗe a tsugune. Ya ɗauki azurfar, ya mayar da murfin ya tafi kasuwar Kura a ƙasa. Mai hatsi ya ce rabin mudu zai ba shi. Ya ƙi, ya juyo da abarsa. Kafin ya iso gida zuciyarsa ta dawo, ya ce ba mai taɓa irin. Suka ci tafasa da dusa har ruwa ya sauka. A unguwarsu gida uku ne kawai suka wayi gari da abin shukawa, nasu na ciki, har suka sam wa maƙwabta.

Ta ce, "Ba ta taɓa ba mu ko ƙwayar hatsi ba, ban kuma taɓa roƙonta ba. Allah ke bayarwa. Ita aikinta ta tsaya a bakin tulu." Sannan ta juya wajen Yaya. "Uwar Gona kuwa ba ta da hoto, ni na san ta, kai labarinta ka ji. Ranar da na bar ta na bar ta gaba ɗaya, kafin a haife ka."

Yaya ya ce, da wata irin murya, "Iya, me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Ka tambaye ni ne? Da hukuncinka ka shigo."

Alamin, ban taɓa ganin Yaya haka ba. Ya cire takalmi ya shiga ɗakin, ya durƙusa. Ni dai na fito na ba su wuri. Da na koma ɗaukar langar, ba komai a ciki.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla ya miƙe a masallaci ya ce ya yi wa mahaifiyarsa zato ba da ilimi ba, duk wanda ya ji maganar farko ya ji wannan ma. Sabon irin da ya sayo ya ba wani. Alkamar Iya aka shuka, ta ɗan makara, amma ta fito, an ba ta ruwa na biyu jiya. Ya ce in gaya maka ya karanta takardarka, maganar dirhami gaskiya ce.

Ni har yanzu nakan buɗe hoton nan in yi ta kallo. Da na yi tambayar tun ranar da ka fara faɗa, da tana nan.

Shekaranjiya aka gama sussukar shinkafa, aka ware ta iri aka zuba a tulu. Ina tsakar gida ina tankaɗe sai na ga Yaya ya tsaya a kan tulun yana murza zoben, da ƙyar ya fita daga yatsan. Ya yago bakin wani tsohon rawaninsa ya ƙulle shi a ciki. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Iya, a tsakiya ake sawa ko a sama?"

Daga ɗaki ta ce, "A sama mana. In ka binne shi wa zai gani?"

Ka gaida Malam Jamaluddeen. In za ka dawo hutu ka taho wa Iya da man zaitun na shafa a ƙafa, ta ce na wancan karon ya yi mata amfani.

Taka,
Bashira